Kankana da Maganin Kaska

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin malamin dabbobi, mafi yawansu a tsakanin Kontagora da makiyayar Bobi. Na yi wa shanu allura har na kai ga gane saniyar da za ta yi harbi tun daga yadda ta kwantar da kunne. Na sha zura hannu in juya ɗan maraƙi a cikin uwarsa, na ɗinke cikin tunkiyar da kare ya yaga. Saboda haka ranar da na ajiye aiki ban zaci akwai sauran wata halitta da wani zai koya mini yadda ake ciyar da ita ba.

Zaman gida bai karɓe ni ba. In na dawo daga masallaci da asuba sai in rasa inda zan sa kaina. In zauna a zaure, in tashi in leƙa kicin, in tambayi Hajiya, matata, dalilin da ya sa aka bar murfin randa a buɗe. Abin da a da ban ko lura da shi ba ya zama abin faɗa. Jinina ya hau, likita ya rubuta magani ya ce in rage tunani. Da babbar 'yarmu, wadda ke aiki a Abuja, ta zo hutu, kwana biyu kawai ta yi ta gane halin da gidan yake ciki. A rana ta uku sai ga magina da buhunan siminti.

A bayan ɗakina suka haƙa kwami, daidai inda inuwar mangwaro take kaiwa da tsakar rana. Tsawonsa taku biyar, faɗinsa uku, zurfinsa ya kai ƙugu. Aka shafe shi da siminti, aka sa ɗan injin da ke juya ruwa yana tacewa, mai aiki da sola. Ta koma Abuja ta bar mana umarnin mu riƙa cika shi muna zubarwa har sai kaifin simintin ya fita. Bayan wata guda ta dawo da kula a bayan mota, a cikin kular akwai ledoji cike da ruwa da iska, kowace leda da kifi a ciki. Guda bakwai ne, kowanne bai fi tsawon tafin hannuna ba. Akwai fari mai jan tabo, akwai ruwan lemo, akwai mai baƙi da ja kamar atamfa.

"Baba, sunansu koi," in ji ta. "Asalinsu daga Japan ne."

"To. Wata nawa suke yi kafin su isa tukunya?"

Ta yi dariya har da dafa bango. "Ba a cin su, Baba. Kallonsu ake yi."

"Kifin da ba a ci? In ciyar da shi, in canza masa ruwa, sannan in zauna in zuba masa ido?"

"Haka nake so ka yi. Ka zauna ka zuba masa ido."

Na ce Allah ya kyauta, na koma zaure. Ta bar mana buhun abincinsu, ƙananan ƙwayoyi masu yawo a saman ruwa, ta nuna wa mahaifiyarta yawan da za a riƙa watsawa safe da yamma, ta tafi.

Hajiya ce ta fara shaƙuwa da su. Bayan la'asar za ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a bakin kwamin. Cikin mako biyu suka gane takunta, da ta doso sai su taru a gefenta suna buɗe baki. Ita kuwa mace ce da ba ta iya ganin baki a buɗe ta wuce. Almuru ko rana, duk wanda ya shigo gidanmu sai ta sa masa wani abu a gaba. Sai ta fara tausaya musu, wai kullum abu ɗaya suke ci kamar 'yan kurkuku. Yau ta gutsura musu burodi, gobe sauran tuwon shinkafa, jibi ƙosai, har da garin ƙuli-ƙuli. Su kuma ba sa mayar da komai.

Ba a yi wata ba ruwan ya gurɓace. Ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki, maiƙo ya kwanta a sama, wani ɗan wari ya fara tashi. Ɗaya daga cikin kifayen ya kumbura yana iyo a karkace. Hajiya ta zo ta same ni a zaure.

"Alhaji, zo ka duba mini wannan. Ai kai ne likita."

Na je na tsaya na harɗe hannu a baya ina kallo. Gaskiyar magana ban san komai ba. Da saniya ce da na duba ido da hanci, na taɓa kunne, na ga kashinta. Wannan kuwa ko ta ina zan kama shi ban sani ba. Na yi gyaran murya na ce wataƙila sauyin ruwa ne. Ta dube ni, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Gidan maƙwabciyarmu ta shiga. Maman 'yan biyu muke ce mata, Bakambara ce daga wajen Zugurma, Kirista, mijinta direban babbar mota ne da ba ya cika zama. Mun fi shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu. Da Sallah Hajiya ta aika mata nama, da Kirsimeti ita ta aiko da shinkafa da kaza. Tarwaɗa take kiwo a manyan tankunan roba guda uku a bayan gidanta, tana banda tana kaiwa kasuwa. Abin da ban sani ba sai ranar, ashe tana budurwa ta yi aiki a wata gonar kifi a Ilori, inda har irin waɗannan na ado ake kiwo.

Ta shigo tana goge hannu da zani, ta gaishe ni, ta durƙusa a bakin kwamin ta shinshina ruwan. Ta ɗebo kaɗan a tafin hannu ta murza da yatsa.

"Hajiya, me kike ba su?"

Hajiya ta lissafa mata. Matar nan ta kama haɓa. Hausarta irin ta wadda ta koya da girma ce, wani lokaci ta ce wa namiji "ke", amma ba ta taɓa barin mutum cikin shakkar abin da take nufi ba.

"Ƙosai! Hajiya, kifin nan ba shi da ciki irin namu. Hanji ne kawai, abin da ya shiga haka yake wucewa. Mai ba ya narke masa, gishiri da yaji ba nasa ba ne. Burodi kuma in ya sha ruwa kumbura yake yi a cikinsa, ga shi nan kin gani. Abin da suka bari ya nutse ya ruɓe, shi ne warin da kike ji. Suna zaune a cikin kwanon abincinsu ne, a ciki suke numfashi."

Ta sa aka rage ruwan kashi ɗaya cikin uku aka ƙara sabo daga rijiyar burtsatse, ta ce a maimaita bayan kwana biyu. Ta ce kada a ba su komai na kwana uku, ko da za su yi ta buɗe baki. A rana ta huɗu ta zo da koren fis, waken turawan nan, ɗan kaɗan, ta dafa ba gishiri, ta ɓare fatar, ta murƙushe ta jefa wa mai kumburin. Kafin mako ya zagayo ya miƙe yana iyo daidai.

Hajiya ta ce, "To shi ke nan, ba wani ɗan daɗi da za a riƙa ba su?"

"Akwai mana. Amma kamar goro ne, ba abinci ba ne. Sau biyu a mako ya isa."

Ta zauna a kan tabarma ta yi mata bayani, ni kuma ina daga gefe ina yi kamar jarida nake karantawa. Kankana, a cire 'ya'yan. Lemo a raba biyu a jefa ya yi yawo. Latas ko alayyafo a wanke sosai, don masu lambu suna fesa magani, a ɗan tsoma a ruwan zafi ya yi laushi. Kabewa ko dankali a dafa, ba mai ba gishiri. Tana, wato tsutsar ƙasa, daga lambun gida in an san ba a zuba komai a wurin ba. Fara kuwa ta ce kada a kuskura a sayo ta kasuwa, ba a san gonar da ta ci ba. Abin da za su cinye kafin a gama shan shayi kofi ɗaya, shi za a ba su, sauran a tsame da raga. In sanyi ya shigo aka ga sun yi nauyi, a daina gaba ɗaya, don cikinsu ma yana yin sanyi. In zafi ya tsananta a ba su da sassafe kawai. Sai ta ƙara da cewa duk mai sa hannu a ruwan ya tabbata hannunsa ba sabulu, ba man shafawa, ba turare.

Da ta tafi na naɗe jaridata na ce wa Hajiya, "Ai dama na faɗa miki." Ban faɗa mata komai ba. Ta san haka, ni ma na sani.

Kankana ce ta jawo ni. Wata yamma Hajiya ta jefa musu yanki guda, na ga sun rufe shi suna turo shi daga wannan gefe zuwa wancan, ana jin ƙarar tsotsonsu, cap-cap-cap, har suka bar ɓawon fari fes. Washegari na ce ta ba ni in gwada. Na riƙe yankin a cikin ruwa ban saki ba. Suka yi ta zagaye daga nesa. Na yi kwana biyar ina haka, hannuna yana gajiya, kafin farin nan mai jan tabo a goshi ya matso ya ja. Bakinsa ba haƙori, laushi gare shi, ya kama yatsana yana tsotsa kamar ɗan maraƙin da aka raba da uwa. Na ji kaina ina dariya ni kaɗai. Rabon da in yi irin wannan dariyar har na manta.

Daga nan kujera ta zama biyu a bakin kwamin. Mukan zauna ni da Hajiya bayan la'asar mu yi ta hira, wani lokaci kan kifayen, wani lokaci kan abubuwan da muka shekara ba mu taɓo ba. Da na koma asibiti awon jini, likita ya tambaye ni me na sauya. Na ce kifi nake kallo. Ya ce in ci gaba.

Amma halin mutum yana bin sa. Ba a daɗe ba na mai da kaina shugaban kwamin. Dokokin da maƙwabciya ta koyar na riƙa faɗar su kamar ni na ƙago su. In Hajiya ta doso da kwano sai na leƙa na ga me ke ciki. In baƙi suka zo ni ne mai bayani, ni ne mai hana a jefa biskit.

Farkon damina ta biyu, wani tsohon abokina Ardo ya zo daga Bobi. Mun san juna tun ina yawo da babur ruga-ruga, ya sha ɗauke ni a kafaɗa ya ƙetarar da ni rafi in ruwa ya cika. Ya shigo gari sayayya, ya taho mini da rago a bayan a-kori-kura, wai na taya ni murnar hutawa da bai samu zuwa ba. Da aka sauke ragon a ƙofar gida, hannuna ya tafi da kansa ya shafa bayan kunnensa da ƙarƙashin wutsiya. Kaska ce jingim.

"Ardo, haka kuke barin su yanzu?"

"Likita, tun da ka tafi ai sai a hankali. Damina ce."

Ina da sauran maganin kaska a sito. Na ɗauko kwalbar, na haɗa a bokiti, na sa tsumma na wanke ragon tas a gindin katanga, da hannuna tsirara kamar yadda na saba tun ina saurayi. Da na gama na karkata buta na ɗauraye hannu sama-sama, na yarfe. Hannun rigata ya jiƙe har gwiwar hannu, ban ko naɗe shi ba. Hankalina yana wani wuri, so nake in nuna wa Ardo abin da bai taɓa gani ba.

Na ce wa Hajiya ta yanko kankana. Na ja Ardo zuwa bayan ɗaki, na durƙusa, na tsoma hannu har gwiwa. Suka taho gaba ɗaya, mai jan goshi a gaba. Ardo ya ja da baya yana salati, sannan ya dawo ya tsugunna yana dariya yana cewa ashe kifi ma yana sanin makiyayinsa. Don in ƙara burge shi na sake karɓar yanki na biyu, na uku. Na daɗe hannuna a ruwan. Muka ci abinci, muka yi azahar, na raka shi ya hau mota.

Ina kishingiɗe a zaure sai na ji Hajiya tana kira da wata murya da ban saba ji ba. Na ruga. Kifayen sun haukace. Wannan ya harba ya bugi bango, wancan ya yi tsalle ya faɗo, wasu sun taso sama suna haƙi, jikinsu yana karkarwa. Mai jan goshi ya kwanta a gefe guda yana juyawa a wuri ɗaya.

Na juya kan Hajiya. "Me kika ba su?"

"Ban ba su komai ba, Alhaji."

"Ki faɗa mini gaskiya! Ƙosan safe da ya rage ina yake?"

"Tun ranar da aka hana ni ban ƙara ba."

"Haka kawai za su yi wannan? Ke dai ba kya jin magana, sai kin kashe su hankalinki zai kwanta!"

Shekara arba'in muna tare ban taɓa ɗaga mata murya a tsakar gida haka ba. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba ta fita ta ƙofar baya.

Maman 'yan biyu ta shigo da gudu da ragar kamun kifi a hannu. Kallo ɗaya ta yi ta ce, "Wannan ba abinci ba ne, guba ce a ruwa. A fitar da su yanzu." Ta koma gidanta, ta kwashe tarwaɗar tanki guda ta juye su a kan na tanki na biyu, ta wanke wanda ta kwashe, ta kunna famfo ta tara sabon ruwa. Mu kuma muna kamo kifayen ɗaya-ɗaya muna sawa a baho, ni da Hajiya muna kama kunne bibbiyu muna kaiwa. Sau huɗu muka yi sawu.

A sawu na ƙarshe, na sunkuya zan juye bahon, maƙwabciyar ta matso kusa don ta taimaka. Sai ta tsaya cak ta ɗaga hanci.

"Baba Likita, warin me nake ji a rigarki?"

Na kai hannun rigar hancina. Ban buƙaci wani ya yi mini bayani ba. A jikin kwalbar maganin nan akwai hoton kifi an ja masa layi. Na yi shekaru ina tsayawa a gaban makiyaya ina gargaɗinsu kada su wanke bokitin magani a rafi, kada su bar shanun da aka fesa su shiga ruwa a ranar. Ni na faɗa da bakina, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Na zauna a kan wani bulo da ke wurin.

"Ni ne," na ce. "Rago na wanke da maganin kaska."

Ta ce in je in cire rigar, in yi wanka da sabulu, kada in sake matsowa tankin sai na yi. Haka na tashi na bi umarninta kamar ɗan makaranta.

Biyu suka mutu kafin magariba, har da mai jan goshi, wanda ya fi kowa kusantar hannuna. Na haƙa rami a gindin mangwaro na binne su. Biyar suka yi kwana biyu a ƙasan tankin ba sa motsi sosai, sannan suka fara tasowa. Matar nan ta riƙa sauya musu ruwa safe da yamma. Ta sa muka zubar da ruwan kwaminmu ta hanyar da ba zai bi kwata ba, muka goge bangon, muka jefar da soson tace ruwa muka sa sabo, muka bar rana ta gasa shi. Kwana tara kifayenmu suka yi a gidanta. A cikin kwanakin tarwaɗarta da ta cunkusa wuri ɗaya suka riƙa cizon juna, ta yi asarar wasu. Da na ɗauko maganar biyan ta sai ta toshe kunne da yatsu, ta ce in ina son mu ɓata in sake faɗa.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne Hajiya. Washegarin ranar, da safe, ta kawo mini kunu ta ajiye za ta juya. Na ce ta zauna. Na daɗe ina juya cokali a kofi.

"Hajiya, na zalunce ki jiya. Na ɗora miki abin da ni na yi, kuma a gaban Allah ba ki yi komai ba. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na ji warin, ka sani. Lokacin da ka miƙo hannu ka karɓi kankanar na ji shi."

"Me ya hana ki magana?"

"Na ce a raina kai ne ka san magani, ni me na sani? Kuma ga baƙo. Kwanan nan in na yi magana a kan kifin nan sai ka nuna ka fi ni sani." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Da na faɗa da ba su mutu ba. Ni ma abin ya tsaya mini."

Wannan maganar ta fi zagi shiga jikina. Na ce mata laifin bai raɓe ta ba ko kaɗan, ni na rufe mata baki tun kafin ranar. Na roƙe ta daga yau in ta ga zan yi ba daidai ba ta faɗa, ko a gaban wa ne. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ta ce in sha kunun kafin ya huce.

Na yi ta jinkirin kiran 'yarmu har kwana uku. Da na gaya mata, ina jiran ta yi maganar kifayen, sai ta ce, "Baba, tsaya. Kana nufin duk shekarun nan da hannunka kake taɓa wannan maganin? Ba safar hannu?" Na ce haka kowa yake yi a lokacinmu. Ta yi ta faɗa, ta ce kifi ana samun wani, ta sa na yi alkawarin zan gaya wa likitana. A makon ta aiko da safar roba kwali guda a motar haya.

Ardo ma labari ya kai masa, ya dawo takanas ya yi mini jaje, yana ta cewa ragonsa ne sanadi. Na ce ragon ba shi da laifi. Ya zauna, sannan ya ce bara ya ga ƙananan kifaye sun taso fari-fari a rafin da ke ƙasan rugarsu, kwana ɗaya bayan an yi wa shanu feshi, suka ɗauka zafi ne. Ya ce a da in na yi gargaɗin nan suna ji ne kawai don girmamawa, amma yanzu zai tara matasansu ya faɗa musu abin da ya faru a gidana.

Bayan da muka mai da biyar ɗin gida, sun yi mako uku ba sa zuwa kusa da hannun kowa. Hajiya suka fara amincewa da ita. Yanzu ita ke yanke abin da za a ba su da ranar da za a ba su, Talata da Asabar. Akwai baho da ta ware, da wuƙa da faranti, ba a taɓa su da wani aiki. Ni kuwa in zan sa hannu sai na wanke da sabulu har gwiwa, na ɗauraye sau uku har santsin ya fita, na naɗe hannun riga. In na taɓa magani ko na shafa turaren Juma'a, ranar kallo kawai nake yi daga kujera.

Da damina ta zagayo, wata safiya muka tarar da su suna ta bin juna suna fantsama ruwa. Na ɗauka wani abin ne kuma. Hajiya ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciya. Ta zo ta duba sai ta fashe da dariya, ta ce ƙwai za su saka. Ta warware igiyar buhu ta ɗaure ta tuli-tuli ta jefa a ruwan, washegari ta tsamo ta ɗauke da ƙwai kamar ƙwayar gero, ta sa a wani baho daban don kada iyayen su cinye. Ta koya wa Hajiya yadda ake dama gwaiduwar dafaffen ƙwai a ɗiga musu ɗan mitsitsi. Yawancinsu ba su rayu ba. Goma sha ɗaya suka kai girman yatsa, wasu masu launi, wasu kuma toka-toka ba kyan gani.

Muka zaɓi shida mafi kyau muka sa a baho, ni da Hajiya muka kama muka kai mata har gida. Tana bakin murhun banda, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta ce ba za ta karɓa ba, ita da ko wurin sa su ba ta da shi. Hajiya ta ce ai an riga an yi magana da magini, gobe zai zo ya gina mata ɗan ƙaramin kwami a ƙofar ɗaki. Na so in yi mata dogon jawabin godiya da na shirya tun a hanya, amma da na buɗe baki abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki 'yan biyu." Ta ce amin. Ta leƙa bahon ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mu mayar da biyu daga cikin masu kyan, mu kawo mata biyu daga toka-tokan, don a Ilori ta ga irinsu sun rikiɗe sun yi launi bayan shekara, kuma tana so ta gani ko waɗannan ma za su yi.